'Yar Rakiya ko Uwar Tafiya? Tambaya a Kan Haƙƙin Mai Tsayuwa a Gefen Fage

A cikin kalmomin Hausa, kaɗan ne suke ɗauke da girma da raini a lokaci guda kamar kalmar rakiya. Idan baƙo ya tashi tafiya, mai gida yakan taka masa har bakin zaure, wani lokaci har bakin hanya, kuma gwargwadon nisan rakiyar, gwargwadon darajar baƙon. Amarya ba ta shiga ɗakinta sai da 'yan rakiya, mamaci ma ba ya isa makwancinsa sai an raka shi. Amma da bakin da muke yabon rakiya, da shi muke zagi da ita. In an ce wane ɗan rakiya ne a zaɓe, to an gama da shi ke nan, ya fito ne don a cika lissafi. In kuwa aka ce mutum rakiya ya zo yi duniya, babu sauran abin da aka rage masa.

Wannan saɓani shi ya haifar mini da tambayar da nake son mu tattauna da mai karatu. Idan mutum biyu suka fito neman nasara, ɗaya ya shiga tsakiyar fage, ɗaya ya tsaya a gefe, mene ne rabon na gefen a suna, da lada, da mutunci? Zan nemi amsar a wurare biyu da suke nesa da juna: fagen kokawar zamani ta Amurka, wadda muke kira resilin, da kuma unguwannin masana'antu na Kano, wato Bompai da Sharada da Challawa. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Ina roƙon a yi mini haƙuri har mu isa ƙofar masana'antar.

Duk wanda ya tashi a Kano a shekarun 1980 da 1990 ya san resilin, ko ta akwatin talabijin, ko ta kaset ɗin bidiyo, ko a gidan kallo. Mun haddace sunayen ƙarti irin su Hulk Hogan da Undertaker. Abin da ba mu cika tsayawa mu duba ba shi ne matar nan da takan fito tare da ɗan kokawa, ta riƙe masa alkyabba ko kambu, ta tsaya a bayan igiya har a tashi. A sana'ar, tana da matsayi biyu. Wani lokaci 'yar rakiya ce zalla, aikinta ta yi ado ta ƙara wa ubangidanta kwarjini. Wani lokaci kuma manaja ce, ita ke magana da yawunsa, ta tsokani abokin karawarsa, ta ɗauke hankalin alƙalin wasa, ta harzuƙa 'yan kallo ko ta kwantar da su.

Kafin a fahimci nauyin wannan aiki, dole a san cewa resilin shiryayyen wasa ne. Tun kafin a shiga fage an san wanda zai yi kaye. Kamfanin WWF da kansa, wanda yanzu ake kira WWE, ya amsa haka a 1989 a gaban 'yan majalisar jihar New Jersey, don ya kuɓuta daga sa idon hukumar wasanni. To, idan sakamakon sananne ne ga masu shirya shi, me ake sayar wa 'yan kallo? Labari ake sayar musu: so, da kishi, da cin amana, da ramuwa. Ƙarfin damtse shi kaɗai ba ya ba da labari. Sai an sami wanda zai nuna wa jama'a dalilin da zai sa su damu da faɗuwar wane ko tashin wane, kuma sau da yawa wannan aiki a hannun mai tsayuwa a gefe yake.

Mata uku sun ishe mu misali. Ta farko ita ce Mary Lillian Ellison, wadda aka haifa a 1923, duniya ta san ta da Fabulous Moolah. A farkon shekarun 1950 ta fara fitowa a matsayin 'yar rakiya, kuma sunan da aka laƙaba mata a lokacin yana ɗauke da kalmar baiwa, wato kuyanga. Haka aka tallata ta, haka 'yan kallo suka biya suka gan ta. Daga baya ta shiga fagen da kanta, ta ci kambun mata a 1956, ta buɗe makarantar horar da 'yan mata, ta zama ita ce ƙofar da kusan duk macen da ke son wannan sana'a a Amurka sai ta bi ta cikinta.

Ta biyu ita ce Elizabeth Hulette, wato Miss Elizabeth, haifaffiyar 1960. Ta auri ɗan kokawa Randy Savage a 1984, kuma a 1985 aka gabatar da ita a WWF a matsayin manajarsa, bayan an nuna shi yana watsi da gwanayen manajoji maza. Ba ta da yawan magana, ba ta kokawa. Makaminta natsuwa ce da fuska mai nuna damuwa. Duk lokacin da Savage ya daka mata tsawa a gaban jama'a, sai jama'a su tsane shi. Duk lokacin da ya kare ta, sai su so shi. Rikicinsa da Hogan a 1989, wanda yana cikin labaran da suka fi shahara a tarihin kamfanin, a kan kishinta aka gina shi. A 1991, bayan an nuna sun daɗe a rabe, ta fito daga cikin 'yan kallo ta cece shi, kyamara ta ɗauko manya suna kuka da hawaye. A wannan shekarar aka ɗaura musu auren wasa a gaban dubban mutane, a 1992 kuma auren nasu na gaskiya ya mutu. Abokan aikinsu da dama sun bayar da labarin yadda kishin mijin ya wuce na wasa, har yakan killace ta a ɗakin canza kaya don kada ta haɗu da kowa. Ta rasu ranar 1 ga Mayu, 2003, tana da shekara 42, sanadiyyar haɗuwar magungunan kashe zafi da barasa.

Ta uku ita ce Sherri Martel, haifaffiyar 1958, wadda ta yi horo a makarantar Moolah, ta kuma karɓe kambun mata daga hannunta a 1987. Ita kishiyar Elizabeth ce a hali: mai ihu, mai faɗa, mai karɓar duka daga maza a madadin ubangidanta. Ta yi wa Savage manaja, ta yi wa Ted DiBiase, ta yi wa Shawn Michaels a lokacin da yake neman tsayawa da ƙafarsa, ta yi wa Ric Flair. Kamfanin ya karrama ta a 2006, ta rasu a 2007 tana da shekara 49, ita ma ta hanyar magunguna.

A nan mai karatu Bahaushe zai iya tsayar da ni da hujja biyu, kuma duka biyun suna da nauyi. Ta farko: tunda wasan ƙarya ne, ina abin tausayi ko yabo a ciki? Amsata ita ce faɗan ne shiryayye, amma gajiyar ba shiryayya ba ce. Tafiye-tafiyen gari zuwa gari na gaskiya ne, ciwon baya na gaskiya ne, ƙwayar da ake haɗiya don a iya fitowa gobe ta gaskiya ce, kabarin ma na gaskiya ne. Ɗan wasan kwaikwayo da ya fito a matsayin sarki ba sarki ba ne, amma guminsa gumi ne, kuma wanda ya cinye masa lada ya ci haƙƙi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: ai wannan sana'a ce ta tallar jikin mace, kuma addininmu da al'adarmu ba su yarda da ita ba. Ban zo in wanke wannan ba. A watan Agustan 1988, a babban zauren Madison Square Garden, an shirya cewa Elizabeth za ta cire wani sashe na tufafinta don ta ɗauke hankalin abokan karawa, kuma a kan haka aka rufe wasan. Ni a ganina wannan ƙasƙanci ne, ko da an lulluɓe shi da tafi. Abin da nake tambaya shi ne: a kan wa laifin ya fi nauyi? Ba ita ta rubuta labarin ba, ba ita ta buga tikiti ba, ba ita ta kwashi ribar ba. Akwai kuma shaida cewa tsiraicin ba sharaɗin sana'ar ba ne, zaɓin 'yan kasuwa ne. A ranar 31 ga Oktoba, 2019, kamfanin nan ɗaya ya shirya karawar mata ta farko a Riyad ta Saudiyya, tsakanin Natalya da Lacey Evans, kuma dukkansu sun fito a rufe tun daga wuya har idon sawu. Wasan bai rushe ba. Ashe da ma ana iya yi. Inda kasuwa ta nemi sutura an kawo sutura, inda ta nemi tsiraici an kawo tsiraici. Wanda ya tsine wa matar ya bar mai kamfani da mai sayen tikiti, ya zama mai dukan jaki ya bar taiki ta wata fuskar: ya zaɓi wanda ya fi sauƙin duka.

Mu Hausawa bai kamata a koya mana darajar mai tsayuwa a gefe ba, domin fagenmu ya riga na Amurka saninta. Ɗan dambe ba ya fitowa shi kaɗai. Akwai makaɗi, akwai maroƙi, akwai ubangida, akwai mai ba da laya, akwai guɗar da takan tsaga fili idan an yi kisa. Shago ya yi dambe a zamaninsa, amma abin da ya kawo sunansa kunnen jikokin da ba su taɓa ganinsa ba shi ne muryar Ɗan Anace. Haka abin yake a kokawar Takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975: ba a raba ƙato da makaɗinsa. Sai dai a lura da wani bambanci. Ɗan Anace ya tsaya a gefe, amma da sunansa ya tsaya, da muryarsa, kuma kyautar da aka yi masa aljihunsa ta shiga. Ba wanda zai kira shi ɗan rakiya da nufin raini. Wannan ya nuna mini cewa gefe ba shi ne ƙasƙanci ba. Akwai gefen da yake matsayi, akwai gefen da yake kurkuku, kuma abin da ya raba su ba tazarar da ke tsakaninsu da tsakiyar fage ba ce.

Yanzu mu isa ƙofar masana'anta. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, sannan Sharada mai rukuni uku, sannan Challawa da ta yi suna da majemun zamani a kusa da kogin da ta ci sunansa. A nan aka yi masaƙu, da kamfanonin roba, da na alawa da biskit, da na mai, da na fata. Da yawa sun rufe tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki, da kwararowar kayan waje. Waɗanda suka rage suna aiki, kuma wanda ya bi ta wurin da sassafe zai ga mata a bakin ƙofofi da hijabansu da 'yan kwanukan abinci. Su ne masu tsince zoɓorodo da riɗi da ƙaro kafin a fitar da su waje, masu ƙunshe alawa, masu jera takalman roba, masu ware tsofaffin leda da robobi don a sake narkawa. Sunan da ke jikin buhu na mai kamfani ne. Injin, wanda shi ne ƙaton wannan fage, galibi namiji ne a kansa. Amma buhun zoɓorodon da ba a tsince ba, mai saye a ƙetare ba zai karɓe shi ba. Nasarar tana bi ta hannunsu, suna kuma ba ya tsayawa a kansu.

Kamannin ba a nan kawai ya tsaya ba, har a takarda yana nan. Kamfanin WWE bai ɗauki 'yan wasansa a matsayin cikakkun ma'aikata ba, 'yan kwantiragi ne masu zaman kansu a idon doka, duk da cewa shi ke faɗa musu inda za su je da abin da za su yi. Ba su da ƙungiyar ƙwadago. Yunƙurin da Jesse Ventura ya yi na kafa ta a 1986 bai kai ko'ina ba. A wajenmu kuma, Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci rubutacciyar yarjejeniya kafin ya wuce wata 3 da fara aiki. Ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 tana aiki, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Amma dokar albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan masu aikin jinga ba. Matar da ake biya a kan kowane buhu, wadda wani ɗan kwangila ya kawo, wadda sunanta ba ya cikin littafin kamfani, tana iya shekara tana shiga ƙofa ɗaya ba tare da dokar ta san da ita ba. A duka wuraren biyu dabarar ɗaya ce: a mallaki lokacin mutum, a ƙi ɗaukar nauyinsa. Magabata sun riga sun ba abin suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙofar da ake rufewa ma ba a ɗakin canza kaya na Amurka kaɗai take ba. A watan Yunin 2020, lokacin kullen annobar korona, 'yan sanda sun fito da ma'aikata fiye da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, waɗanda suka ce an hana su fita tsawon watanni. Wannan ya tuna mana cewa tambayar ba ta mata kaɗai ba ce. Duk wanda ba shi da ikon fita, ɗan rakiya ne a ma'anar raini, ko da gemunsa ya kai ƙirji.

Daga nan nake ganin ma'aunin ya fito. Abin da ya raba 'yar rakiya da uwar tafiya shi ne amsar waɗansu tambayoyi masu sauƙi. Shin da sunanta ake kiranta, ko da sunan da mai kasuwa ya laƙaba mata? Shin tana iya cewa a'a, ko ga tufafin da aka miƙo mata, ko ga aikin dare, ba tare da ta rasa abincinta ba? Shin ladan aikinta yana isa hannunta cikakke, kuma akwai wanda zai tsaya mata ranar da jiki ya ƙi? Macen da ta sami waɗannan, ko a bayan igiya take, ko a kan tabarmar tsintar riɗi, ma'aikaciya ce mai mutunci. Wadda ta rasa su, ko an ɗora mata kambu an haska ta da fitilu dubu, kaya ce a cikin kayan wani.

Wani zai ce maganin abin shi ne mata su bar gefe su koma tsakiya, su zama su ne shugabanni. Akwai gaskiya a ciki, kuma an gani: a 2019 mata uku ne suka rufe babban taron WrestleMania a karo na farko. Tarihinmu ma bai rasa irin wannan ba. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, mai dukiya ce da take ɗaukar maza su yi mata fatauci, kuma Nana Asma'u ta tsara jajis da 'yan taru suka kai ilmi ƙauyuka. Amma labarin Moolah ya hana ni gamsuwa da wannan amsa ita kaɗai. Matar da aka fara tallatawa da sunan baiwa, da ta sami iko, ɗalibanta da dama sun zarge ta da yanke kaso mai tsoka daga kuɗinsu da juya rayuwarsu yadda ta so. Zargin ya yi ƙarfin da a 2018, shekara 11 bayan rasuwarta, sai da kamfanin ya cire sunanta daga wata gasa da ya shirya don tunawa da ita, duk da cewa waɗansu daga cikin ɗaliban sun kare ta. Muna cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma karin maganar fata ce, ba tabbaci ba. Dillaliya tana iya zama rufin asirin matar kulle, tana kuma iya zama mai cinye mata jari. Haka shugabar mata a ɗakin tsinta: tana iya zama bakinsu a wajen mai kamfani, tana iya zama bulalarsa a kansu. Canza wanda ke riƙe da igiya bai isa ba idan igiyar tana nan a wuyan wani.

Saboda haka nauyin ya dawo kan kowa gwargwadon matsayinsa. Mai masana'anta a Sharada da yake fitar da zakka yana gina masallaci, ya kamata ya fara duba littafin albashinsa, domin sadaka ba ta biyan bashin haƙƙi. Ƙungiyoyin ƙwadago su tuna cewa wadda ba ta da katin shaida ita ta fi bukatar su. Masu yin doka su sake duba ƙofar da aka bari a buɗe da sunan jinga. Mu kuma 'yan kallo da masu saye, mu ne muka fi son mu ɗauka ba ruwanmu, alhali kuɗinmu ne ke faɗa wa kasuwa abin da za ta kawo gobe.

Na fara da tambayar rabon mai tsayuwa a gefe, kuma amsata ita ce rabonsa cikakke ne, ba sadaka ba ne. Duniya ba za ta taɓa zama wurin da kowa yake tsakiyar fage ba; hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma dole wani ya riƙe gefe. Abin da adalci yake nema shi ne kada riƙon gefen ya zama dalilin shafe sunan mutum, ko toshe bakinsa, ko cinye guminsa. Elizabeth ta sa dubban mutane kuka a kan labarin da ba ita ta rubuta ba, ta mutu tana da shekara 42. Matar da ke tsince zoɓorodo a Bompai tana da rai, kuma gobe da sassafe za ta kasance a bakin ƙofa. Ita ce har yanzu ake iya yi wa adalci.